Inna Balkisa da Waƙar da Ta Rabu Biyu

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a gidajen kwanan jami'a na Villeurbanne, can gefen Lyon, ya san muryarta ko da bai san sunanta ba. Kafin su fito da kofin kafe a hannu, ido duk barci, ita ta riga ta sauka daga tram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, ta sa rigar aiki a kan atamfarta, ta turo amalanken bokiti da tsumma. Shara da goge-goge, shi ne aikin Inna Balkisa Dodo tun shekarar da ta sauka Faransa har watan jiya da ta ajiye shi. Kuma ba ta taɓa yin sa baki rufe ba. Tana goge matakala tana waƙa ƙasa-ƙasa, da Hausar ƙasar Maraɗi. 'Ya'yan Damagaram da na Tawa da suka zo karatun injiniya, yawancinsu Musulmi, sau da yawa sun buɗe ƙofa a firgice, suna zaton mafarkin gida suke yi. Sai su ga dattijuwa riƙe da tsumma.

"Ina kwana, Inna?"

"Lahiya lau, ɗana. Kai ne mai barin tukunya da ƙanzo cikin ɗakin girki, ko? Yau in na dawo na ishe ta, ni da kai ne."

Da yawansu yanzu manyan ma'aikata ne, amma har gobe in aka ambaci sunanta sai su yi dariya, su ce Allah ya saka mata.

Wannan shi ne aikin da Faransa ta san ta da shi. Akwai wani kuma, wanda saboda shi ne ake wannan jinjina. Hausawa Kirista a ƙasar nan ba su da yawa. In an tattara na Lyon kaf, falon Inna ya ishe su har da wurin ajiye takalma. Littafin waƙoƙin da suke riƙewa kalmomi ne zalla, babu wata alama da za ta nuna maka inda murya za ta hau ko inda za ta sauka. Karin waƙa a cikin kan mutum yake zaune. Shi ya sa kowace majami'a take da mai ta da waƙa: shi zai rera layin farko shi kaɗai, jama'a su ji karin su kama. In ya ɗauko ta sama da yawa, tsofaffi su shaƙe. In ya ɗauko ta ƙasa, mata su yi shiru. Inna ce mai ta da waƙa ta Lyon, in kuma an yi babban taro a Paris ita ake jira.

Tana da wata ɗabi'a da takan gajiyar da matasa. Ba ta ta da waƙa sai ta faɗi mai ita. "Wagga ta wata mata ce a Jos, Rifkatu, ta yi ta ranar da ɗanta ya tashi daga ciwo." Ko kuma: "Wagga karin Turawa ne, wani malamin lakwal, makarantar boko, ya sa mata Hausa. Ban san sunanshi ba, Allah ya sani." In ta ga ana ɗaga gira, sai ta ce, "Mutum shi yi maka waƙa, ka sha daɗinta shekara da shekaru, ka ƙi ambaton sunanshi? Ba da ni ba."

Ke ce, Inna, ba ki taɓa shiga makarantar kiɗa ba, amma waƙoƙin garuruwa da yawa sun ƙetare teku a cikin ƙirjinki, kowace da sunan mai ita. Uwar amshi, da ba don ke ba da rabinsu sun mutu a hanya.

Cikin dukan waƙoƙin akwai guda wadda ba a wasa da ita. Litinin ta bayan Ista, wadda a nan ake ce wa Pak, Kiristocin ƙasar Hausa kan fita bayan gari da abinci da tabarmi, su ce sun tafi Galili su sadu da Almasihu da ya tashi daga matattu. A Paris, Galilinsu dajin Bondy ne, bayan dogayen benayen Clichy-sous-Bois. Na Lyon su hau jirgin ƙasa su zo, a haɗu sau ɗaya a shekara. Kuma ba a buɗe kwano ko ɗaya sai an buɗe taro da waƙar Malam Nomau, wani manomi na ƙauyen su Inna da ya daɗe da rasuwa:

Mun zo da turare, mun ishe ƙofa buɗe,
Mun zo da hawaye, mun koma da guɗa.

Da ita ake buɗe Galili, da ita kuma ake sa gawa a kabari. Lokacin da mijin Inna, Malam Dodo, ya rasu cikin sanyin 2006, ba a samu halin kai shi gida ba. Mutanen taron nan ne suka taso daga Paris, suka ɗauke shi a kafaɗa, suka rera masa ita a makabartar Lyon, hannuwansu na rawa don sanyi. Tun ran nan Inna ta san ba ta da wani dangi a ƙasar nan sai su. A garin da maƙwabci kan mutu a ɗakinsa ba wanda ya sani, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba ta ɓoye cewa irin wannan mutuwar ce abin da ya fi ba ta tsoro.

To, shekaru suna tafiya, sai mutanen arewacin Kamaru da na Cadi suka fara yawa a taron. Babbansu Malam Bouba ne, mutumin Garwa ta Kamaru, dogo, mai gadin wani kanti a unguwar Château Rouge ta Paris, mutum mai ladabi amma in ya kafe ya kafe. Shekarar da ya fara zuwa Galili, Inna ta faɗi sunan Malam Nomau, ta ta da waƙa, ba ta ƙare layin farko ba ya ɗaga hannu.

"Yi haƙuri, Inna. Ba haka ake yin ta ba. Kuma ba ta wani Nomau ba ce. Babana ne ya yi ta, Malam Yaya mai bishara. A bakinsa na tashi na ji ta."

Ya rera musu tasu. Kalmomi ɗaya, babu bambancin ko harafi, amma kari daban. Karin Maraɗi yana tsalle, ana buga masa tulu, mata na guɗa. Karin Garwa a hankali yake tafiya, ba ya hawa sosai ba ya sauka sosai, kuma ba kiɗa. Baba Mounkaila, tsohon direban bas, dattijon mutanen Nijar, bai ma bari ya ƙare ba.

"Haba Malam! Wanga ai makoki ne. Almasihu ya tashi ne ko ko har yanzu muna jiran labari?"

"Naku kuma fa?" in ji Malam Bouba. "Kamar ana tallan goro a tasha."

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ran nan aka yi karin Maraɗi, mutanen Garwa suka rungume hannu. Shekara ta gaba ma haka, sai dai wannan karon sun shimfiɗa tabarminsu nesa kaɗan, kwanukansu ma ba su haɗa da na kowa ba. Fasto ya ce a riƙa yi bi da bi. Kowane ɓangare ya ce to, amma a fara da nasa. Kada mai karatu ya ce wannan faɗan yara ne. Mutum ya bar ƙasarsa, ya bar kabarin iyayensa, abin da ya rage masa na gida bai wuce kari guda ba, sai a ce masa kuskure yake yi? Ga Malam Bouba kuwa, maganar ta wuce kari. Sunan ubansa ne.

Gab da Istar 2012 saƙo biyu suka iso wa Inna a Lyon. Malam Bouba ya ce in ba karin Garwa aka yi bana ba, su za su nemi Galilinsu, kuma daga nan kowa ya ji da nasa, farin ciki ko baƙin ciki. Baba Mounkaila ya buga waya, gaisuwa ma a gajarce: "Balkisa, in kika buɗe baki da makokin nan, ni da mutanena mun tashi. Na gaya miki." Duka biyun sun san abu ɗaya. Ba fasto ne zai yanke hukunci ba, ba dattawa ba. Wanda ya rera layin farko shi ya zaɓa, kuma ita ce mai layin farko.

Makon nan ɗalibai ba su ji waƙa a matakala ba. Har wani ɗan Tawa ya leƙo ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya, amma ina lafiya? Lissafi take yi da zuciyarta: taron da duka-duka bai cika zaure ba, in ya rabu biyu, wa zai ɗauki gawar wa? Ta yi kuka a ɗakin ajiye tsintsiya, ta wanke fuska, ta ci gaba da aiki.

Abu ɗaya ta yanke. Ba za ta ƙi waƙar da ba ta iya ba. Ko me za ta yi ranar Litinin, sai ta fara koyon karin Garwa daga bakin masu shi, kamar yadda ta koyi kowace waƙa. Don haka ranar Asabar da ta iso Paris, maimakon ta sauka inda ta saba, sai ta wuce Clichy-sous-Bois, gidan Malam Bouba, lokacin da ta san yana wurin aiki. Matarsa Anne ta buɗe ƙofa, ta tsaya turus.

"Inna! Ke ce?"

"Ni ce, ƙanwata. Ba faɗa na kawo ba. Koyo na zo."

Gidan cike yake da aikin baƙi. Anne ta ɗora ruwan tuwo a wata ƙatuwar tukunya da ta aro wurin maƙwabciyarta, Hajiya Shamsiya, 'yar Damagaram mai sayar da atamfa, wadda ita ma ta zauna tana taya ta gyaran kuɓewa. Haka suke yi, da Salla Anne ce ke soya musu nama. Inna ta karɓe muciya, ta ce wa Anne, "Ke yi ta yi, ni ina saurare."

Anne ta koma wurin wanke-wanke tana rerawa, ta kai ƙarshe ta sake komawa. Inna tana tuƙi. Tuwon mutane da yawa ba ya tuƙuwa da gaggawa: sai ka danna, ka jawo, ka numfasa. Ita kuma mace ce da hannunta ba ya aiki bakinta na rufe. Ba ta ma san lokacin da ta fara ba. Karin Maraɗi ne ya fito, wanda ya saba fitowa, amma ba da gudunsa ba. Ya bi tafiyar muciya, a hankali, daidai da na Anne. Anne ta ji, ta ɗan ɗaga murya don kada a rinjaye ta. Inna ma ba ta sauka ba. Taurin kai ne zalla, na mata biyu a ɗakin girki ɗaya.

Hajiya Shamsiya ta ajiye wuƙa.

"Tsaya, tsaya. A'a, kada ku tsaya! Ku ci gaba. Wai wannan ita ce waƙar da mazanku ke ta hayaniya a kai?"

"Ita ce, Hajiya."

"To ni dai ba Kirista ba ce, amma ina da kunne. Wallahi abu ɗaya kuke yi. Ke kina sama, ita tana ƙasa ta tallabe ki. Ku sake in ji."

Suka sake, wannan karon suna kallon juna. Inda karin Maraɗi ya hau, na Garwa ya tsaya ya riƙe masa ƙasa. Inda na Maraɗi ya sauko, suka haɗu a wuri ɗaya, suka sake rabuwa. A kan kalmar guɗa suka sauka tare, cif.  Tuwo ya fara kamawa, ba wadda ta kula sai Hajiya, da ta tashi ta rage wuta tana faɗa.

Suna cikin na uku Malam Bouba ya shigo da rigar aikinsa. Ya tsaya bakin ƙofa bai yi sallama ba, har suka kai ƙarshe. Sannan ya ja kujera ya zauna, yana kallon ƙasa.

"Babana ya yi karatun bishara a ƙasar Maraɗi yana saurayi," in ji shi. "Yakan ce shi a layin baya yake tsayawa, cikin masu babbar murya." Ya ɗago kai. "Ke nan abin da aka koya wa layin baya ne ya kai Garwa. Shi kaɗai ya sani, shi ya koya mana. Bai taɓa cewa shi ya yi ta ba. Mu ne muka ce."

 Ga shi nan, ƙato guda, ya ba da kai gaba ɗaya, kuma da Inna mai son nasara ce, da ta samu. Mutane da yawa a nan za su ce, to ka gani. Ita kuwa sai ta jingine muciya, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, abin da ba ta yi wa kowa.

"Malam, bari in gaya maka abin da na tuna yanzun nan. Ina yarinya na ishe Malam Nomau da tsuhwa. In an yi waƙarga a majami'a, sai shi girgiza kai shi ce waƙarshi da ƙafa guda take tahiya. Muna dariya, muna cewa tsuhwa ce. Ashe 'yan makarantar da ya koya wa ɗayar muryar sun watse, kowa ya tahi inda aka aike shi, mu ta ɓace mana. Ba wanda ya riƙe ta sai babanka. Shekara nawa muna ɗingishi ba mu sani ba! Kai ne ka kawo mana ita har Faransa."

Malam Bouba ya rufe fuska da hularsa. Anne ta juya wajen famfo. Hajiya Shamsiya ta ce ita dai a zo a kwashe tuwon nan kafin ya zama dutse.

Baba Mounkaila ba a gaya masa komai ba; Inna ta san shi, magana ba ta shigarsa sai ya ji da kunnensa. Ranar Litinin dajin Bondy ya yi kore shar, tabarmi kashi biyu, tsakaninsu fili. Ba mai hira. Kowa bakinta yake kallo. Ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Wagga waƙa Malam Nomau ya yi ta, manomi, mutumin ƙauyenmu, kuma da murya biyu ya yi ta. Guda ta zauna gida. Guda Malam Yaya mai bishara ya ɗauka ya kai Garwa, ya tsare mana ita har ya koma ga Ubangiji. Malam Bouba, ku fara."

Mutanen Garwa suka fara, a hankali. Baba Mounkaila ya miƙe tsaye, ya naɗe tabarmarsa, ya sa a hammata. Mutanensa suka fara tattara kwanuka. Inna ta bari layin farko ya wuce, ta ja numfashi, ta hau.

Waɗanda suke wurin sun ce tsohon ya riga ya juya baya, ya yi taku kaɗan, sai ya tsaya. Ya karkata kai. Matan Maraɗi suka kama bayan Inna ɗaya bayan ɗaya, mai tulu ta lalubi bugun da bai yi gudu ba bai yi nawa ba, ta same shi. Kafin baiti na biyu filin da ke tsakanin tabarmi ya cika da mutane. Da aka zo guɗa, Anne ce ta fara rangaɗa ta, ita da ba a taɓa jin guɗarta ba. Turawa masu yawo da karnuka suka tsaya kallo. Baba Mounkaila ya dawo, tabarma har yanzu a hammata, hawaye na bin gemunsa, ya tsaya kusa da Malam Bouba ya ce, "To ai sai ka koya mini ta ƙasan. Ni dama ta saman nan ta daɗe tana shaƙe ni."

Inna ta zauna a kan ciyawa. Ta ce tun rasuwar Malam Dodo ba ta yi ajiyar zuciya irin ta ran nan ba. Kuma ta ci abinci, ta ƙara.

Ke ce, Inna, aka ba ki wuƙa aka ce ki yanka taro biyu, kika ce sai kin fara koyo. Ke ce kika samu gaskiya a hannunki, ba ki mari kowa da ita ba. Yau daga Lyon har Paris ba mai rera waƙar nan da murya ɗaya, kuma yaran da aka haifa a nan suna zaton haka take tun asali.

Yanzu kin ajiye tsumma, gwiwa ta ce ta gaji, muryar ma ta fara neman hutu. Mun gode, Inna Balkisa. Allah ya saka miki, ya ƙara miki lafiya. Ku kuma 'yan baya, falonta a buɗe yake kowace Lahadi da yamma. Ku je ku zauna ku koya, kari da sunan mai shi, tun tana iya ɗaukowa. In kuma wata rana kuka ji ɗan'uwa yana rera abin da kuka sani da wani kari daban, kada ku ɗaga masa hannu. Ku bari ya kai ƙarshe.

Baba Mounkaila ya rasu a 2017, aka binne shi a wata makabarta a bayan Paris. Malam Bouba ne a gaban akwatin, kafaɗarsa a ƙarƙashi, yana rera muryar ƙasa tare da mutanen Garwa da na Cadi, Inna da matan Nijar suna sama. Da aka gama, ana fita, Inna ta kama hannun Anne ta ce, cikin natsuwa, har da ɗan murmushi, "Ƙanwata, yanzu ko yau aka kira ni, na san masu kai ni."

Mun ji, Inna, kuma za mu kai ki, dukanmu. Amma ba yau ba.